Ludayin Romo A Talotalon Awara

Akwai wata mata mai suna Naja'atu, tana aikin girki a gidan Hajiya Mastura a Bagdadiyya. Umra ta kawo ta Jidda ta maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ko jiniya ta ji sai ta nemi maɓoya.

Ana jajibirin Babbar Sallah Hajiya ta kira ta.

"'Yata Abir ba ta cin nama. Ki yi mata awara, ki mulmula ta kamar talotalo, ita ma ta samu abin yankawa a tebur. Kada nama ya taɓa, kin ji?"

"To, Hajiya."

Washegari Naja'atu ta markaɗa waken suya, ta tace, ta dafa, ta cusa shinkafa da albasa a ciki, ta gasa. Kai, ka rantse tsuntsu ne! Da ta ɗanɗana kuwa, salam. Ta taɓe baki, a ranta tana cewa iyayi ne kawai irin na 'yan boko. Ta kamfato romon rago ludayi guda ta kwarara a kai. Ai romo ba nama ba ne.

An kai tire falo, tana wanke-wanke, sai ta jiyo Hajiya tana gaya wa wata baƙuwa:

"Bara cokali ɗaya na romo ta kurɓa, maƙogwaronta ya toshe. Wallah da ƙyar likitoci suka ceto min 'yata."

Innalillahi! Naja'atu ta saki kwanon da take wankewa. In ta faɗa, kora ce, kuma wa zai ɗauki marar takarda? In ta yi shiru, gawa za a fitar. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta leƙa. Abir ta riga ta yanka, loma na kan cokali.

Da gudu Naja'atu ta faɗa falon, hannu duk kumfa, ta doke cokalin.

"Kada ki ci! Na zuba romo. Ni na zuba, Hajiya, ba kowa ba."

Ta durƙusa tana kuka, tana jiran a ce ta tattara kayanta.

Hajiya ta daɗe tana kallon lomar a ƙasa. Can ta kamo hannun Naja'atu.

"Halas, ya isa, tashi. Laifi kin yi, babba. Amma wadda ta zaɓi ran 'yata a kan aikinta ba ta barin gidan nan."

Ranar Abir da burodi da shayi ta yi Sallah, tana numfashi lafiya lau.

Darasi: In an ce wani ba ya cin abu, kada ka yanke masa hukunci a tukunyarka. In kuma ka yi kuskure, faɗi tun kafin a haɗiye. Ku tura wa duk mai girka wa wasu.