Ranar da Giwa Ta Je Yi Wa Kwaɗi Godiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku matso. A da can, manyan namun daji suna da majalisar sulhu a kan wani fa, wato falalen dutse, mai zafin gaske. Zaki da Giwa da Ɓauna da Damisa da Kura, kowa da wurin zamansa. Abin da suka yanke shi ke nan.

Can ƙasa a fadama kuwa akwai kwaɗi. Kun san kwaɗo, in ya hau fa da rana sai ya bushe kamar kilishi. Sai Gizo ya je wurin Uwar Kwaɗi ya ce, "Inna, ki bar ni in zama bakinku. Guzurin shinge, ƙwarin nan masu fiffike, kawai za ki ba ni."

Ta cika masa ƙwarya, har da godiya.

Rannan Giwa da Ɓauna suka yi rigima kan ruwan sha. Zaki ya ce, "A ja ruwa daga fadama. Wakili, me mutanenka suka ce?"

Gizo, da bakinsa cike da shinge, ya ce, "Ranka ya daɗe, sun yarda."

Aka ja ruwa, tafkin kwaɗi ya koma rabi. Uwar Kwaɗi ta ce, "Gizo, ka faɗa musu kukanmu kuwa?" Ya ce, "Har muryata ta dashe, Inna. A ƙaro guzuri."

Sai Kura da Damisa suka kaure kan hanya. Aka ce a fitar da sabuwa ta tsakiyar fadama. "Wakili?" "Sun yarda, har da guɗa." Aka tattake ciyawar kwaɗi kaf.

Na uku, Gadu ya kawo ƙara, ba shi da wurin birgima. Aka ba shi ɗan kududdufin da ya rage, aka ce ya shiga jibi. A cikinsa kuwa duk ƙwan Uwar Kwaɗi suke. Gizo ko kunya babu, ya ce, "Sun ce kyauta ce."

Giwa dai tana da tarbiyya, ba kamar wasu da ke zaune gabana ba, waɗanda sai an ce musu "me za ka ce?" Ta ce, "Mutanen nan sau uku suna yi mana alheri, ko sannu ba mu taɓa ce musu ba. Gobe zan je godiya."

Gizo ya yi wuf ya tare ta. "Ranki ya daɗe, ba sa son baƙi."

"Godiya zan yi in dawo."

"Hanyar akwai ƙaya."

"Kalli ƙafata."

"Ai na riga na gode musu a madadinki."

"To, zan ƙara."

Ta isa ta yi sallama, ta ce, "Uwar gida, mun gode da ruwa, mun gode da hanya, mun gode da kududdufi."

Uwar Kwaɗi ta ce, "Wane kududdufi, ranki ya daɗe?"

"Wanda kika ba Gadu."

Tsohuwar ta ja ta zuwa bakin kududdufin. Ta buɗe ganyen bado, ga ƙwai nan jingim. Kunya ta kama Giwa, har ta rasa inda za ta sa hancinta.

Ta koma ta ce wa Zaki, "Tun farko bakin Gizo muke ji, ba nasu ba. Kuma laifinmu ne, mu muka zauna inda ba za su iya zuwa ba."

Kura ta ce, "Kakanninmu a kan fa suka zauna."

Giwa ta ce, "To, ki zauna ke kaɗai."

Washegari majalisa ta sauko bakin fadama, Kura na bin baya tana gunaguni. Aka sa wa Uwar Kwaɗi dutse mai laima kusa da na Zaki. Zaki ya ce, "Batun Gadu, kin yarda?"

Ta ce, "A'a."

Sai Zaki ya ce, "To, a nemar wa Gadu wani wuri." Giwa da kanta ta haƙa masa rami a gefe. Gizo kuwa tuni ya haye rufin ɗaki, can yake har yau.

Ƙwai suka ƙyanƙyashe. Uwar Kwaɗi ta tara 'ya'yanta ta ce, "Ku gode wa wadda ta tako ta zo." Shi ya sa in ruwa ya sauka kuke jin kwaɗi sun cika gari da kuka. Godiyar ce ba su gama ba.

Abin da za ku riƙe, jikokina: duk wanda hukunci zai shafi gidansa, a ba shi wurin zama ya faɗi da bakinsa, kada a ji ta bakin wani.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya naɗe tabarmarsa.