Dabinon Cindo da Tambarin da Ba a Kaɗa Ba

An ruwaito, cikin wani tsohon littafi da gara ta cinye gefensa, cewa a zamanin da an yi wani sarki a Birnin Sansami mai suna Nuhu ɗan Yakubu. Birnin yana da al'ada: in za a fita yaƙi sai a kaɗa babban tambari a ƙofar fada, kuma duk wanda ya faɗi a yaƙin sai Sankira ya kira sunansa a bainar jama'a, a dasa masa dabino a bakin hanyar Ƙofar Gabas, iyalinsa su riƙa ba shi ruwa. Wanda ya mutu a fatauci kuwa, addu'a kawai ake yi masa.

An ce a birnin akwai wata mai kitso, Tabawa, matar wani maharbi da ake kira Cindo saboda yatsa shida da aka haife shi da su. Wata shekara Sarkin Tudun Gishiri, aminin Sarki Nuhu, ya aiko neman taimako, maƙiya sun kewaye shi. Sai aka tura mutum ɗari uku da baka da kwari, aka ce rakiyar ayari za su yi. Ba a kaɗa tambari ba. Cindo na cikinsu. Da zai fita ya ce wa matarsa, "Matsefin nan naki ya kakkarye. In na dawo zan zo miki da wanda na sassaƙa da hannuna."

Damina biyu ta wuce. Mutum ɗari da tamanin suka dawo, babu Cindo. Madugu Tanko, shugaban ayarin, shi ya yi sallama a ƙofar Tabawa, ya miƙa mata wani matsefi na icen kanya. An fitar da haƙora biyar, sauran gefen ice ne ɗanye.

"Ya ce in gaya miki saura uku," in ji Madugu, idonsa a ƙasa.

Da ta gama takaba, sai ta sami ɗan dabino ta nufi Ƙofar Gabas. Masu gadi suka tare ta, suka ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri. Waziri ya ce ba yaƙi aka yi ba, tafiya ce." Ta koma gida ta dasa shi a cikin tsohuwar tukunya. Kowace Juma'a takan ɗauko tukunyar a ka, ta zauna da ita a ƙofar fada. Sannu a hankali sauran matan da suka rasa mazansu suka bi ta, har tukwane suka kai ɗari da ashirin.

Sarki ya ga tukwanen, abin ya tsaya masa a rai. Ya sa aka yi shela cewa ga tambaya ya ajiye: faɗan da aka yi a ƙasar wasu, ba a kaɗa masa tambari ba, yaƙi ne ko ba yaƙi ba? Wanda ya gamsar da shi, hukuncinsa za a bi.

Ranar zaman, Waziri Ƙasimu ya fara magana, kuma dattijo ne da ba a san shi da mugunta ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji daga kakana labarin wasu garuruwa biyu da suke shan rijiya ɗaya. Wata rana makiyayansu suka yi faɗa a kan wa zai fara shayarwa, aka fasa wa mutum ɗaya kai. Da an bar shi a faɗan makiyaya, da kaza da goro sun kashe maganar. Amma wani mai saurin hannu ya kaɗa tambari. Ƙawayen wannan gari suka fito, ƙawayen wancan suka fito, aka yi shekara arba'in ana kisa, har rijiyar ta cushe babu mai yashe ta. Ranka ya daɗe, da mun kaɗa tambari, da sarakuna uku masu alkawari da maƙiyan Tudun Gishiri sun rufe mana hanya, sun zo ƙofarmu. Shirun nan shi ya tsare birnin nan."

Fadawa suka gyaɗa kai. Tabawa ma a ranta ta san bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi yi mata nauyi.

Sarki ya dubi Madugu Tanko, ya ce, "Kai da kake can, me ka gani?"

Madugu ya ce, "Zaki, ni shekara talatin ina jan ayari, na san 'yan fashi. Ɗan fashi kaya yake so, in ya samu sai ya gudu. Waɗannan ko kallon jakunanmu ba su yi ba. Wata tara muna cikin ganuwa, muka ci raƙumanmu. Ran da ganuwar ta tsage, Cindo ya tsaya a bakin tsagin tun hantsi har la'asar, mata da yara suna ficewa ta bayansa. Sunan abin dai na bar wa masu ilimi. Ni abin da na gani ke nan."

Sai Tabawa ta matso, ta ajiye tukunyarta, ta durƙusa.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ban yi karatu ba, kitso nake yi, kuma a kan tabarmar kitso nake jin labarai. Wata tsohuwa ta ba ni labarin wani attajiri da matarsa ta haihu a lokacin da dangi suke rigimar gado. Ya ji tsoron in aka ji ya sami ɗa namiji za a cuci yaron, sai ya ɓoye. Ranar bakwai ta zo, bai yanka rago ba, bai kira liman ba. Hikima ya yi, kuma yaron ya tsira daga dangi. Amma bayan wata huɗu zazzaɓi ya ɗauke shi. Uwar ta zauna tana kuka, sai mijin ya ce mata, 'Wa kike wa kuka? Ai ba a raɗa suna ba, ba mu yi ɗa ba.' Ita kuwa nono na zuba a zanenta. Ranka ya daɗe, matar nan ta haihu ko ba ta haihu ba?"

Sarki ya ce, "Ta haihu."

"To, rashin sunan laifin wa ne? Na jaririn?"

Wani dogari ya motsa zai tsawata mata, Sarki ya ɗaga hannu ya hana shi.

Ta ce, "Waziri ya yi gaskiya, shirun ya tsare mu, ni ma a cikin birnin nake kwana. Ban zo in ce an yi kuskuren ɓoyewa ba. Amma tambari ba shi ke haifar yaƙi ba, suna yake raɗa masa. An riga an haife shi, mu muka yi naƙudarsa." Ta fito da matsefin ta ɗora kusa da tukunyar. "Saura haƙora uku ya gama."

An ce Sarki Nuhu ya daɗe yana kallon matsefin nan. Sa'an nan ya ce, "Ni ne uban da bai yanka rago ba." Ya juya wajen Waziri. "Ƙasimu, ka rubuta wa sarakunan nan uku cewa tambarin da za su ji na matattunmu ne, ba na kiran kowa ba. In sun rufe hanya, ni zan ɗauki nauyin."

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Da hannuna zan kai takardun, Zaki. Yarinyar nan ta fi ni gani."

Sarki ya sauko daga karaga, ya kaɗa tambarin da kansa. Sankira ya kira sunaye ɗari da ashirin, na Cindo a farko. Biyu daga cikin sarakunan suka karɓi uzurin, ɗaya ya rufe hanyarsa shekara guda, aka sha miya babu gishiri a Sansami, kuma ba a ji wanda ya yi gunaguni ba.

Da aka gama dashe, Sarki ya miƙa wa Tabawa sandar kaɗa tambarin, ya ce sandar ta zauna a ɗakinta, bayanta a ɗakin wata da ta rasa miji a yaƙi. Ya kafa doka cewa ba maharbin da zai sake fita faɗan wata ƙasa sai an kaɗa tambari, kuma sarkin da yake son kaɗawa sai ya taka da ƙafarsa ya roƙi sandar a wajen mai riƙe da ita. Mai littafin ya ce cikin shekara sittin sau biyu kawai aka je roƙonta.

Darasin da ya rubuta a ƙasan shafin shi ne, mai mulki yana iya ɓoye sunan abu saboda hikima, amma ba ya da ikon hana wanda ya zubar da jini a cikinsa haƙƙinsa. A gefe kuma, da wani rubutun hannu daban, an ƙara cewa Tabawa ta tsufa a inuwar dabinon nan, kuma da matsefi mai haƙora biyar take tsefe kanta har ta rasu. Allah shi ne masanin yadda abin ya kasance.