Rumbun Masara da Ƙuri'a ta Bakwai

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Kai Ɗanjuma, tun la'asar kake damun mu da siyasa, to ga ta nan. Shekara goma sha tara na yi ina fiɗar nama a wata masana'anta a tsakiyar Amurka, ƙasar masara, kuma a can wannan abu ya faru.

Garin ƙarami ne, da can duk farar fata. Da aka buɗe masana'antar sai mutanen Meziko da Gwatamala suka fara shigowa, yau gida ɗaya, gobe layi guda. Mu mukan ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓar, har rana ta take ba ta bushe ba. Allunan shaguna suka koma Sifaniyanci. Tsoro ya kama masu gari, irin na wanda ya wayi gari bai gane unguwarsu ba. Baƙin ma tsoron ne, don da yawansu ba su da takardun zama, ko jiniya suka ji sai gida ya yi tsit. Ni da takarduna a aljihu, wallahi sai da na daina zuwa kasuwa ni kaɗai.

Akwai wani tsohon manomi, Wendell. Tun kakansa jam'iyya ɗaya gidansu ke bi, ta ma'aikata. Tsoron nan ya sa ya bar ta ya koma wajen masu cewa a rufe wa baƙi ƙofa, su kuma suka zaɓe shi kansila. Kansiloli bakwai ne. Aka kawo musu doka: duk wanda ba shi da takarda, kada a ba shi hayar gida ko aiki, a miƙa shi ga hukuma. Uku suka ce i, uku suka ce a'a. Saura Wendell, kuma hannu ake ɗagawa a gaban jama'a.

Ana saura kwana huɗu a zauna, Wendell ya hau rumbunsa. Kada ku kawo rumbun laka a ranku, na ƙarfe ne, ya fi hasumiyar masallacin nan tsawo. Masara ta dunƙule a sama, ya shiga ya farfasa, ya manta injin da ke zuƙe ta daga ƙasa yana aiki. Kafin ya ankara ta haɗiye shi zuwa ƙirji. Duk numfashin da ya fitar, sai ta ƙara matse shi.

Rosendo ne ya ji ihunsa, ɗan Gwatamala mai aiki a gonar maƙwabta, ba takarda, ga mata da 'ya'ya uku. Ya kashe injin. Ya ciro waya, ya kuma san in ka kira 'yan kwana-kwana, 'yan sanda na biye da su. Ya kira. Da ya gudu daga nan ba mai ganin laifinsa. Sai ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ciki, ya tallafe haɓar tsohon, yana kwashe masara daga bakinsa da yatsu, awa biyu cur. Daga baya, da aka fito da su, ɗan sanda ya rubuta sunan Rosendo.

'Yan kwana-kwana sun zo sun yi cirko-cirko. Ba a jan mutum daga cikin hatsi, sai dai a tsinka shi. Dole a huda rumbun ta kowane gefe daidai wa daida, in an kuskure ya rufto, in tartsatsi ya taɓa ƙurar ciki ya tashi da kowa. Wanda ya ɗauki injin yanka shi ne Boyd mai walda, jagoran masu cewa a rufe ƙofa. Kada ku yi masa kallon mugu. Shekara ashirin ya yi a tsohuwar mayankar garin, aka sallame shi aka ɗauki baƙi a rabin albashinsa, 'ya'yansa biyu suka bar gari neman abinci. Ya durƙusa ƙarƙashin ƙarfen da ke kuka a kansa, ya yanka ƙofa huɗu, masara ta zube.

Ana ciro tsohon, zuciyarsa ta tsaya. 'Yarsa Loretta nas ce, ta iso da kayan aiki a jikinta. Ta hau ƙirjin ubanta tana dannawa, tana jin haƙarƙarinsa na karyewa a tafinta, ba ta tsaya ba har jirgi mai saukar ungulu ya sauka.

Ranar zaman majalisa da safe ya farfaɗo sosai a asibiti. Hannun hagu a karye, na dama kaɗai ke ɗaguwa. Su ukun da suka cece shi suka zo.

Boyd ya ce, "Wendell, mu muka ɗora ka a kujerar nan, ka yi mana alkawari. In ka juya mana baya, garin iyayenmu ya tafi ke nan."

Rosendo bai iya Turanci sosai ba. Ya riƙe hularsa a ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, sun san sunana yanzu. Yarana a nan aka haife su."

Loretta ta jira suka fita, ta zube masa wasiƙu biyu a gado, waɗanda aka tura ta ƙarƙashin ƙofarsu ba suna. Ɗaya ta ce in ya ce a'a za a ƙona gonarsa, ɗaya ta ce in ya ce i zai gani. Ta ce, "Baba, kada ka je. In ba ka je ba, za a jefa maganar ga dukan gari su yi ƙuri'a, kowa ya ɗauki alhakinsa. Ban dawo da kai don in binne ka ba."

Gaba kura, baya siyaki. Ba don Rosendo ba da ya shaƙe, ba don Boyd ba da yana ciki har yau, ba don Loretta ba da gawa aka ciro. Tsohon ya kwanta yana kallon hannunsa na dama, ga motar da za ta kai shi majalisa tana jira a waje.

To, Ɗanjuma, kai mai bakin siyasa, da ku sauran: hannun nan guda ɗaya, wane ne a cikin ukun ya fi cancanta da shi?