Kurege Malamin Ayu da Kanari

Ku matso kusa, ga wata nan tafe da zafinta.

A bakin wani kogi akwai Kurege, ɗan mitsitsi, amma cikinsa ba ya jin rarrashi. Ran nan ya tarar da Ayu, ƙatuwar dabbar ruwan nan mai cin ciyawa, ta leƙo tana hawaye. Masunta sun ƙarar da danginta saboda kitse, saura ita da 'yarta ɗaya.

Gogan ya soka gashin tsuntsu a ka, ya ce, "Yaya Ayu, dubi Kanari. Yana waƙa, mutane na ba shi gero. Ke kin yi gum, ana bin ki da mashi. Ni na koya masa. Kawo shinkafar fadama in koya wa 'yarki."

Ayu ta tumɓuko masa dami guda, ya ci har ya kasa tashi.

Da gari ya waye ya shafe jiki da laka, ya nufi Kanari. "Ƙanena, kullum ana ɗana maka tarko, Ayu kuwa sai a shekara ba a gan ta ba. Ni na koya mata nutso. Kawo gero." Kanari ya ba shi, yana tauna yana kirari: "Ni ne Kurege, ruwa nawa, sama tawa."

Washegari Kanari ya sauka bakin kogi gwada nutso. Sai ga 'yar Ayu ta fito da kai tana gurnani, wai waƙa ce, ga jirgin masunta ya doso.

"Nutse, 'yar nan!" in ji Kanari. Ta nutse, mashi ya faɗa ruwa a banza.

Da jirgin ya wuce Ayu ta taso, ta ce, "Waƙa take koyo, don a so ta kamar kai."

Kanari ya ce, "Yaya, a keji ake son mu. Ƙanwata na can rataye a zauren wani, shekara uku ke nan."

Ayu ta rungume 'yarta. Nan suka gane Kurege ya yaudare su duka biyu.

Can sai ga malam Kurege tafe karɓar abinci, ya ruɗe ya haɗa gashi da laka. Ayu ta ce, "Matso, Malam, nuna wa ɗalibinka nutso." Ta maka masa wutsiya, ya yi sama, ya dawo tsundum. Ya sha ruwa ya ƙoshi kafin ya rarrafo tudu, ido a kumbure.

Yana gudu yana ɗingishi yana cewa, "Kun ga tashi, kun ga nutso, duk a darasi ɗaya. Wa ya iya wannan in ba ni ba?"

Nan ta ƙare, kowa ya kama gabansa.