Mai Gwanjo da Ƙwarin Gidan Haya

Akwai wata mata mai sayar da gwanjo da ke zaune a wani gidan haya, ita da 'yarta ɗaya. Mijinta ya rasu, sana'ar nan ce ke riƙe da su. Ɗakinta ne na ƙarshe, kusa da famfo, kuma a nan take ajiye dilar kaya kafin ta wanke, ta goge, ta kai bakin titi.

Matar nan tana da wani hali da ke ba maƙwabta dariya. Ba ta kashe ƙwaro sai ta tsaya ta ƙare masa kallo. Sana'arta ce ta koya mata haka, domin duk mai buɗe dila dole ta san abin da ke ɓuya cikin ɗinki. Shi ya sa 'yan gidan suka laƙaba mata Uwar Ƙwari.

Ana nan sai ƙaiƙayi ya sauka a gidan. Manya na susa, yara na kuka. Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Maman 'Yan Biyu, domin jikin jariranta duk ya yi jajayen ƙuraje.

Da hantsi ta fito tsakar gida ta ɗaga murya.

"Kuɗin cizo ne! Kuma kowa ya san daga ɗakin da suke fitowa. Mai tara mana tsummokaran duniya ita ce ta kwaso mana."

Kafin azahar zancen ya kai bakin titi. Masu sayen kayan Uwar Ƙwari suka fara wucewa suna kau da kai. Da yamma mai gidan, wani dattijo mai saurin fushi, ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Ki nemi wani wurin kafin ƙarshen wata. Ba zan rasa 'yan haya saboda ke ba."

Uwar Ƙwari ta ajiye rigar da take ninkewa. Ba ta da inda za ta nufa da yarinya, amma ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ka ga kuɗin cizon da idonka?"

"Sai na gani? Ga jikin yara nan!"

"Cizo na gani, ban ga mai cizon ba. Wallahi ba inda za ni. A nuna mini ƙwaron, in nawa ne, da kaina zan ɗaure kayana."

"Da ni kike jayayya?"

"Da zato nake jayayya, Baba."

Washegari ta fito da katifarta tsakar gida, ta kwance dilarta gaban kowa. Ta bi ɗinkin katifar da yatsa tana nuna musu.

"Kuɗin cizo ba ya ɓoye shaidarsa. Yana barin baƙaƙen ɗigo a bakin katifa, in ka murje shi kuma wari ne. Ku duba, ku shinshina."

Ba su ga komai ba. Maman 'Yan Biyu ta taɓe baki ta ce, "Ai kin share kafin ki fito da ita."

"To mu je ɗakinki."

"Allah ya kiyaye! Ki ƙara mini wasu?"

"Yaya, ki zage ni in kin ga dama, amma yaran nan ba su san rigimarmu ba. Bari in ga abin da ke cin su."

Matar ta dubi jariran, ta dubi ƙasa, sannan ta matsa daga bakin ƙofa.

Katifarta ma tas take. Uwar Ƙwari ba ta fita ba. Ta tsaya tana bin bango da ido, a hankali, har ta kai saman gadon jariran. Can ta hango wasu ɗige-ɗige kamar ƙura, sai dai ƙurar tana tafiya. Ta manna salatif a wurin, ta ɓare, ta liƙa a farar takarda. Sannan ta aro gilashin ƙara girman abu a wurin mai gyaran waya da ke ƙofar gida, ta kira mai gidan.

"Baba, zo ka ƙirga ƙafafun da kanka."

Dattijon ya karɓi gilashin yana tsaki. Ya daɗe a sunkuye.

"Takwas," ya ce.

"Kuɗin cizo shida gare shi, kuma ya ninka wannan girma nesa ba kusa ba. Wannan irin ƙwarin da ke jikin tsuntsaye ne. Ga layinsu nan, daga silin suke gangarowa."

Duk aka juya ana kallon dattijon. Kowa ya san mai gida ne ke kiwon tantabaru a saman rufi, kuma ba ya son ko yaro ya nuna su da yatsa.

"Tantabaruna sun fi gwanjonki tsabta!" ya daka mata tsawa.

"To a buɗe silin. Ni na buɗe nawa gaban jama'a."

Ya juya zai tafi, sai Maman 'Yan Biyu ta tare hanya, jariri a kafaɗa.

"Baba, a buɗe."

Aka kira kafinta. Yana ɗaga allo ɗaya sai ga ciyayi, gashin tsuntsu da busasshen kashi suna zubowa. Tantabarun sun samu kafa ta gefen kwano, sun cika silin da sheƙa, ƙwarin kuwa ba a magana.

Aka kwashe sheƙar, aka yi feshi, aka toshe kafar, aka mayar da tantabarun keji a bayan gida. Ba a jima ba ƙurajen yara suka bushe. Maman 'Yan Biyu ta zo har ɗaki ta ba da haƙuri tana hawaye.

Mai gida kuwa a hanyar famfo ya tare Uwar Ƙwari, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, ki yi zamanki. Zancen ya wuce."

"Dama ina zaune, Baba. Amma bai wuce ba. A bakin titi aka ɓata mini sana'a, har yau ba mai taɓa kayana."

Dattijon ya juya ya tafi. Da safe, lokacin da titi ya cika, sai ga shi gaban shimfiɗarta. Ya zaɓi wata rigar sanyi, ya biya, ya zura ta a kan kayansa ana zafin rana kamar me. Hannun rigar ko wuyan hannunsa bai kai ba.

"Jama'a!" ya ce da ƙarfi, gumi na zuba. "Kayan baiwar Allah nan lafiyarsu ƙalau. Ƙwarin tsuntsayena ne suka cije mu, ni kuma na zalunce ta."

Mutane suka fashe da dariya, suka fara matsowa. Ita kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Baba, cire kar ka suma mini a nan. Akwai daidai da kai a ƙasan kayan."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ba ka tsaya ka duba ba. In kuma kai aka ɗora wa laifin da ba naka ba, kar tsoro ya sa ka sunkuyar da kai, ka tsaya cikin ladabi ka ce a kawo shaida. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda zato ke shirin raba shi da matsuguninsa.