Kurege da Tokar da Aka Watsa wa Rana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu.

Ta zo mu ji ta, ko mai ɗaci ce.

To, mai ɗacin ce kuwa. A wani daji wai shi Dajin Kanya, an yi wani Kurege mai son gasasshiyar gyaɗa. Kullum sai ya sare itace, ya hura wuta, ya gasa, ya ci. Ya sare, ya hura, ya gasa, ya ci. Sauran dabbobi suka ji ƙanshi, su ma suka kama. Ana nan, ana nan, inuwa ta ƙare, zafi ya sauko. Zafin da zabuwa za ta yi ƙwai, kafin ta waiwaya ya dahu.

Mai gari Ɓauna ya tara jama'a a gindin babbar kanya. Sai Gwaggo Bushiya, wata tsohuwa mai 'yar gonar gero da jikoki uku, ta ce, "Ranka ya daɗe, maganin a fili yake. A daina sara, a koma dashe."

Kurege ya ji an taɓa gashinsa na gyaɗa, ya yi wuf ya miƙe. Ya ce, "Haba Gwaggo! Kafin dashenki ya girma ai mun zama kilishi. Rana ce ta yi mana yawa. Mu rage ta."

Ɓauna ya ce, "Mu rage ta? Fitila ce?"

Kurege ya ce, "Toka za mu watsa mata a ido, ranka ya daɗe. Ungulaye su ɗauka, su kai can sama, su zazzage. Ga toka nan tsibi a bayan gidana. Ku kawo gyaɗa, in ba ku toka."

Bushiya ta ce, "In ta hau, wa zai sauko da ita? Kuma an tambayi mutanen ƙetaren rafi? Ranar tamu ce mu kaɗai?"

Kurege ya ce, "Gwaggo ke nan, ƙaya a baya, ƙaya a baki."

Aka kwashe da dariya, magana ta mutu.

Ungulaye suka ɗauka, suka hau, suka zazzage. Suka ɗauka, suka hau, suka zazzage. Sama ta yi fari fat kamar koko. Gari ya yi sanyi. Aka buga kalangu, aka naɗa Kurege Sarkin Rana. Tun da kuwa kullum sai an nemi sabuwar toka, sara ya ninka na da. Kurege ya yi ta ci har wuyansa ya ɓace.

Lokacin damina ya yi. Hadari ya taso, ya leƙo, ya ga sama ba yadda ya san ta ba, ya karkata ya tafi ƙetare ya juye. Gonar Bushiya ta tsira rawaya, ta kai gwiwa, ta tsaya nan. Yara suka kama tari.

Rannan sai ga Kwaɗo daga ƙetare, jiƙe sharkaf. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kwaɗo ne, ɗan kwaɗo, amma ruwan nan ya fi ƙarfina. Rumbunanmu sun tafi. Wa ya ba ku izinin taɓa sama?"

Taro ya rabu biyu. Waɗannan suna a daina, waɗancan suna a ƙara. Aka yi ta hayaniya har aka fara tunkuyi. Bushiya ta ajiye karan geronta a gaban mai gari, ba zangarniya ko ɗaya, ta ce, "Me zan ba yaran?" Ɓauna ya sunkuyar da kai, ya ce a daina. Aka ɗaure Kurege a jikin kanya.

Kwana uku toka ta sauka. Ku ji fa, yara: duk zafin da aka tare bai tafi ko'ina ba, kuma itacen da ya rage an riga an ƙone rabinsa. Rana ta buɗe ido gaba ɗaya. Rafi ya ƙafe kafin azahar. Tsuntsaye suka riƙa faɗowa tim, tim. Jikokin Bushiya biyu ba su kai la'asar ba.

Ɓauna ya ce a kawo Kurege a take shi.

Kurege ya ce, "Take ni, ranka ya daɗe. Amma tambaya ɗaya. Da ana watsa toka, wa ya mutu?"

Ya juya ga taro, ya ci gaba.

"Da aka daina fa? To, wa ya ce a daina?"

Idanu suka juya kan Bushiya. Ta goya jikanta ɗaya da ya rage, ta bi hanyar gabas, ana jifanta da hoge.

Aka kwance Kurege, aka ba shi haƙuri, aka ƙara masa gyaɗa. Aka koma sara, aka koma watsawa. Ba a iya dainawa, ba a iya noma. Da aka zo kan babbar kanya, Kurege ya ce zai shiga ƙasa ya auno zafin daga can. Ya haƙa rami mai zurfi, ya ja buhunansa, ya toshe baki.

Ranar da kanyar ta zama toka, Ɓauna ya dubi babban ungulu, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya ce, "Malam Ungulu, in wannan ta ƙare, me za ku ɗauka?"

Ungulu ya dube shi daga ƙaho har kofato, ya haɗiye yawu, ya ce, "Kada ka damu da mu, ranka ya daɗe. Mu ba za mu rasa abin ɗauka ba."

Ƙurunƙus, kan kurege da ƙurar bindinsa. Darasin kuwa shi ne: in kun ƙone garinku, ku tattara tokar da kyau, ba za ku rasa mai saye ba. Ke mai iza wutar murhu, rage itacen nan, ya isa.