Gorar Inna da Tukunya Mai Ƙyalli

Akwai wani magidanci da ’yan gidansu ke kira Na-Sani, domin ba a taɓa gaya masa magana ya bari an kai ƙarshe ba. Ni irin mutanen nan haushi suke ba ni, shi ya sa na kawo muku labarinsa.

Ƙanwarsa, autar gidan, ma’aikaciyar jinya ce. Da mahaifiyarsu ta rasu, kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, ita kuwa Auta ta ɗauki wata guntuwar gorar ado da Inna ta raina da hannunta a tsohuwar tukunyar ƙasa. Tsayinta bai wuce gwiwa ba, ganyenta kore shar. Auta kan ce in ta taɓa ganyen, ji take kamar hannun Inna ta taɓa.

Sai aka tura ta kwas wani gari mai nisa. Ta kawo gorar gidan yayanta.

"Yaya, ka ba ta ruwa har ya fito ta hujin ƙasan tukunyar. Amma don Allah kada ka canja..."

"Ke! Ni za ki koya wa ba ciyawa ruwa? Je ki abinki."

Ko sati ba a yi ba tukunyar ta fara tsone masa ido. Ga ta tsohuwa, ga ruwa na ɗiga a kan tayil ɗin falonsa, ga baƙi na zuwa. Ya sayo wata fara mai ƙyalli wadda ba ta da huji ko ɗaya, ya juye gorar a ciki, ya jefar da ta Inna a shara.

Matarsa ta ce, "Baban yara, to ina ruwan zai riƙa fita?"

"Ya zauna a ciki mana, ai sha za ta yi!"

Ganye ya soma rawaya. Maimakon ya tambaya, gogan naku ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ambaliya safe da yamma. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ranar da Auta ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi gorar. Warin ruɓa ne ya tare ta. Ta kama karan ta ja, ya fito salin alin, saiwar ta yi baƙi ƙirin, ta narke.

"Ina tukunyar Inna?"

"Wannan tsohuwar? Ai gata na yi miki. Kin san tsadar wannan kuwa?"

"Gata? Abu ɗaya na roƙe ka, ko saurarata ba ka yi ba! Ka nutsar da ita a ruwa don falonka ya burge baƙi!"

"To sai in sayo miki wata, mene ne abin ihu?"

"A wace kasuwa ake sayar da wadda Inna ta shuka?"



Auta ta tone ƙasar da yatsu tana hawaye, ko za ta samu saiwa ɗaya mai rai. Babu. Ta naɗe mataccen karan a mayafinta, ta tura masa farar tukunyar da ƙafa.

"Ga tukunyarka nan, Yaya. Ai ita ka so."

Darasi: In an ba ka amana, ka saurari mai ita har ƙarshe, ko da ƙanenka ne. Girman kai kan kashe abin da kuɗi ba sa mayarwa. Ku tura wa duk wani Na-Sani da kuka sani.